BABI NA UKU: Tarihin Karatu, Koyarwa da Lambobin Yabon Farfesa George Dantzig

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ilimin nazarin tsarin ayyuka ya tsiro a Ingila gab da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka haɗa masana kimiyya da hafsoshin soja domin su gano yadda ya fi dacewa a yi amfani da na'urar hango jiragen sama. A wannan babi kuwa za a dubi rayuwar mutumin da ya fi kowa tasiri wajen mayar da wannan ilimi fanni mai zaman kansa a jami'a, wato Farfesa George Dantzig na ƙasar Amurka. Za a bi diddigin karatunsa da ayyukansa da lambobin yabon da ya samu, sannan a tsaya kan wadda ta kuɓuce masa, wato lambar Nobel ta shekarar 1975. Manufar babin ita ce a nuna cewa tarihin lambobin yabon Dantzig shi ne tarihin yadda sabon fanni ya nema wa kansa gurbi tsakanin lissafi da tattalin arziki.

3.1 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi George Bernard Dantzig ranar 8 ga Nuwamba, 1914, a birnin Portland na Jihar Oregon. Mahaifinsa, Tobias Dantzig, shi ma masanin lissafi ne, don haka ana iya cewa gado ya yi. Ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Maryland a shekarar 1936, ya yi na biyu a Jami'ar Michigan, daga nan ya yi aiki na shekara biyu a ofishin ƙididdigar ƙwadago na gwamnatin Amurka. A shekarar 1939 ya koma karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a ƙarƙashin shahararren masanin ƙididdiga Jerzy Neyman.

A wannan shekara ce abin da ya fara fito da sunansa ya faru. Wata rana ya makara zuwa darasin Neyman, ya tarar da tambayoyi biyu a rubuce a kan allo. Ya ɗauka aikin gida ne, ya kwafe su, ya warware su cikin 'yan kwanaki, har ya ba malaminsa haƙuri saboda jinkirin da ya yi. Ashe matsaloli ne guda biyu da masana ƙididdiga suka kasa warwarewa. An buga amsar ta farko a 1940, ta biyu kuma a 1951 tare da sunan Abraham Wald, wanda shi ma ya kai ga amsar ta tasa hanyar. Waɗannan amsoshi biyu su ne suka zama kundin digirinsa na uku, wanda ya karɓa a 1946, bayan yaƙi ya katse masa karatu.

3.2 Aikin Soja da Ƙirƙiro Dabarar Simfiles

Daga 1941 zuwa ƙarshen yaƙi Dantzig ya yi aiki a sashen ƙididdiga na rundunar sojan saman Amurka. Aikin ya ƙunshi tsara horar da sojoji da rarraba kayan aiki da jigilarsu, kuma duk da hannu ake lissafin. Bayan yaƙi aka naɗa shi mai ba rundunar shawara kan lissafi, aka buƙaci ya samo hanyar gaggauta wannan aiki. A shekarar 1947 ya fito da abubuwa biyu. Na farko shi ne yadda za a rubuta matsalar rabon kayan aiki a matsayin miƙaƙƙen tsarin lissafi, wato a bayyana abin da ake son cim ma da kuma iyakokin abin da ke hannu. Na biyu shi ne dabarar warware tsarin, wadda aka sa wa suna simfiles.

Rabon dukiya ta hanyar lissafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu ɗalibai suke karanta ilimin rabon gado a zaurukan malamai. Sai dai a rabon gado Shari'a ta riga ta yanke kason kowane magaji, aikin mai lissafi shi ne ya fitar da shi daidai. A tsarin Dantzig kuwa ba a san kason ba tukuna, nemansa ake yi daga cikin hanyoyi masu yawa da za a iya bi, a zaɓi wadda ta fi amfani.

Ga misali da alƙaluman da aka ƙaddara domin fito da ma'ana kawai. A ce manomi a fadamar Kalgo yana da eka 10 da buhun taki 28, yana son ya shuka shinkafa da albasa. Kowace eka ta shinkafa tana cin buhu 2 ta ba da ribar naira dubu 30, ta albasa kuwa tana cin buhu 4 ta ba da naira dubu 50. Idan ya shuka shinkafa zalla zai sami dubu 300, taki ya yi saura. Idan albasa zalla ce, takin eka 7 kawai zai ishe shi, ya sami dubu 350, eka 3 su kwana ba shuka. Amma idan ya ba shinkafa eka 6, albasa eka 4, zai cinye gonar da takin gaba ɗaya, ya sami dubu 380. Dabarar simfiles ba ta gwada kowane rabo ɗaya bayan ɗaya. Tana farawa daga wani rabo, ta matsa zuwa na kusa da shi wanda ya fi shi riba, ta ci gaba da haka har ta kai inda babu sauran ƙari. A wannan misali za ta tashi daga gona ba shuka zuwa albasa zalla, daga nan zuwa eka 6 da eka 4, ta tsaya.

Manomi zai iya yin wannan lissafi da ka. Amfanin dabarar yana fitowa ne idan abubuwa suka yi yawa. Dantzig ya sha ba da misalin raba ayyuka 70 ga mutum 70, inda adadin hanyoyin rabon lamba ce mai alƙaluma fiye da 100, wadda babu kwamfutar da za ta iya bin su ɗaya-ɗaya. Gwajin farko mai girma an yi shi ne a ƙarshen 1947, a kan matsalar da masanin tattalin arziki George Stigler ya gabatar a 1945, wato neman abinci mafi araha da zai wadatar da jikin mutum, daga nau'in abinci 77 da sinadaran gina jiki 9. Ma'aikata 9 suka yi aikin da injinan lissafi na tebur, suka gano cewa dala 39.69 za ta isa a shekara bisa farashin 1939. Stigler da ya bi ta hanyar kintace ya sami dala 39.93.

3.3 Shigarsa Jami'a

A 1952 Dantzig ya koma cibiyar bincike ta RAND a Kalifoniya. A can ne, a 1954, shi da Ray Fulkerson da Selmer Johnson suka fitar da hanya mafi gajarta ta zagaya birane 49 na Amurka a komo inda aka tashi. A 1959 shi da John Ramser suka wallafa bincike kan tsara zirga-zirgar motocin dakon mai daga ma'ajiya zuwa gidajen mai, a 1960 kuma shi da Philip Wolfe suka nuna yadda za a karkasa babbar matsala zuwa ƙanana.

Sai a 1960, yana ɗan shekara 45, ya zama farfesa a Berkeley, inda ya shugabanci cibiyar nazarin tsarin ayyuka. Wannan jinkiri abin lura ne, domin ya nuna cewa fannin ya girma a barikin soja da cibiyoyin bincike kafin jami'o'i su buɗe masa ƙofa. A 1963 ya wallafa littafinsa mai suna Linear Programming and Extensions, wanda ya zama madogarar ɗaliban fannin. A 1966 ya koma Jami'ar Stanford a matsayin farfesan nazarin tsarin ayyuka da kimiyyar kwamfuta. A nan ya zauna har ƙarshen aikinsa, ya yaye ɗaliban digiri na uku da yawa waɗanda suka yaɗa fannin a wasu jami'o'i. Ya rasu ranar 13 ga Mayu, 2005, yana da shekara 90.

3.4 Lambobin Yabo da Batun Nobel

An zaɓi Dantzig cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 1971. A 1975 ya zama mutum na farko da aka ba Kyautar John von Neumann, wadda ƙungiyoyin masana fannin suka kafa. Haka kuma ya sami lambar girmamawa ta ƙasa a kan kimiyya ta shekarar 1975, wadda Shugaba Gerald Ford ya miƙa masa a 1976. A 1982 aka fara ba da wata kyauta da ke ɗauke da sunansa, a 1985 kuma ya karɓi Kyautar Harvey. Bugu da ƙari, a shekarar 2000 wata mujallar kimiyyar kwamfuta ta sanya simfiles cikin dabarun lissafi 10 mafiya tasiri a ƙarni na 20.

A cikin wannan shekara ta 1975 ne aka ba Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet da Tjalling Koopmans lambar Nobel ta tattalin arziki, saboda gudummawarsu kan rabon albarkatu ta hanya mafi dacewa. Ba a sa Dantzig ba. Idan za a yi adalci, Kantorovich ya cancanta, domin tun 1939 ya wallafa ɗan littafi a Leningirad kan irin wannan lissafi, bayan wata masana'antar katako ta nemi shawararsa. Sai dai aikin nasa bai sami karɓuwa da wuri a ƙasarsa ba, kuma ba a buga fassararsa da Ingilishi ba sai 1960. Saboda haka Dantzig bai san da shi ba a 1947. Koopmans kansa, wanda shi ne ya ba Dantzig shawarar sunan da fannin yake amsawa, bai ɓoye rashin jin daɗinsa da wannan tsallake ba.

Abin da wannan bincike ya fahimta shi ne, iyakar da ke tsakanin fannoni ita ce ta jawo haka. Babu lambar Nobel ta lissafi, kuma an ɗauki Kantorovich da Koopmans a matsayin waɗanda suka fito da ma'anar abin ta fuskar tattalin arziki, Dantzig kuwa a matsayin mai lissafin da ya samar da kayan aiki. Amma da wuya a raba biyun, domin dabarar da ya ƙirƙiro ita ce ta sa matatun mai da kamfanonin jiragen sama da masana'antun abincin dabbobi suka iya aiki da ra'ayin. Idan aka lura, akasarin lambobin da ya samu sun fito ne daga masana kimiyya da injiniyoyi da kuma 'yan fannin nasa, waɗanda sai da suka kafa nasu kyaututtukan kafin su iya karrama gwanayensu.

3.5 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Dantzig ya tashi daga ɗalibin ƙididdiga zuwa ma'aikacin soja, sannan farfesa a Berkeley da Stanford. An kuma ga cewa fannin ya samo asali ne daga buƙatun yau da kullum na rabo da jigila, kuma darajarsa a jami'a ta biyo bayan amfaninsa a wajen jami'a. Irin waɗannan buƙatu suna nan a Jihar Kebbi, kamar rabon taki da ruwan noman rani da jigilar shinkafa daga fadamu zuwa injinan casa. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta yake a Kalgo, kusa da manoman da aka buga misali da su. Babi na gaba zai dubi yadda za a iya amfani da wannan lissafi wajen tsara noman rani a yankunan Gwandu da Kalgo.