Tarihin Zaɓe a Tsohuwar Mazaɓar Kano ta Gabas

Gabatarwa

Mazaɓar Kano ta Gabas na ɗaya daga cikin mazaɓun birnin Kano da suka riƙa tura wakili zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Legas a zamanin Jamhuriya ta Farko. Ko da yake an daɗe da rushe ta, mun ga ya dace mu kawo tarihinta a taƙaice, domin a nan ne aka yi karon batta mafi zafi tsakanin jam'iyyar NPC da NEPU.

Kafin 1959

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. A wancan lokaci ba a zaɓen ɗan majalisa kai tsaye a Arewa. Masu biyan haraji su ke zaɓen wakilai a unguwanni da ƙauyuka, su kuma waɗannan wakilai su zaɓi na gaba da su, har a kai mataki na ƙarshe. Wannan tsari ya ba hukumar En'e ƙarfi ƙwarai. A ƙarƙashinsa ne Alhaji Maitama Sule na NPC ya kayar da Malam Aminu a zaɓen tarayya na 1954. Haka kuma a zaɓen Majalisar Jihar Arewa na 1956, Alhaji Ahmadu Ɗantata ya sake kayar da shi.

Zaɓen 1959

An gudanar da wannan zaɓe ranar 12 ga Disamba, 1959. Kujerun majalisa 312 ne, Arewa na da 174. A karon farko kowane namiji baligi ya samu damar jefa ƙuri'arsa a asirce. Kowace jam'iyya tana da akwatinta mai ɗauke da alamarta: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC. Matan Arewa kuwa ba a ba su wannan dama ba.

Malam Aminu Kano ya lashe kujerar Kano ta Gabas, ɗaya daga cikin kujeru 8 da NEPU ta samu. Sai dai ƙawarta NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC a ƙarƙashin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Saboda haka Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Legas, alhali a gida jam'iyyarsa tana adawa.

Zaɓen 1964

An yi shi ranar 30 ga Disamba, 1964, cikin zaman ɗar-ɗar. NPC ta jagoranci ƙawancen NNA, NEPU kuma tana cikin ƙawancen UPGA, wanda ya yi kiran a ƙaurace wa zaɓen bisa zargin muzguna wa 'yan takararsa. Alhaji Mahmud Ɗantata na NPC ya kayar da Malam Aminu, ya riƙe kujerar har ranar 15 ga Janairu, 1966, lokacin da sojoji suka kifar da gwamnati. Daga nan majalisa ta watse, mazaɓar ta kau.

Bayan Rushewarta

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967. Matan Arewa sun fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci kujerar gwamna, inda Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau mulki. A yau jiharmu tana da mazaɓun tarayya 24, kuma cikin waɗanda ke wakiltar birni akwai Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Tarauni da Nasarawa.

Kira Ga Jama'a

Cikin shekara biyar kacal kujera guda ta tashi daga hannu zuwa hannu, kuma waɗanda suka kara da juna duk 'ya'yan Kano ne da muke alfahari da su. Ƙuri'ar asiri da ta mata ba da sauƙi aka same su ba. Don haka muna kira ga jama'ar karkara, maza da mata, da su yi rajista su kuma adana katin zaɓensu. Haka nan muna tunatar da dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi cewa haƙƙinsu ne su yi wa kowane ɗan takara adalci. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.