Ɗalibin fizik da ya gano asirin gado

A 1953, a jami'ar Kambirij ta Ingila, Francis Crick na da shekara 36, bai ma kammala digirin dokta ba. Fizik ya karanta, sai bayan yaƙin duniya na biyu ya koma nazarin halittu. Shi da James Watson, wanda ya fara da ilimin dabbobi, suka gano siffar ADN, sinadarin da ke kai kamannin iyaye ga ɗiyansu. Aikin Rosalind Franklin, masaniyar sinadarai a Landan, shi ya haska musu hanya.

Yau manyan jami'o'i da gangan suke haɗa waɗannan fannoni wajen horar da masu bincike. Mu kuwa, ɗan seri D ya ji tsoron lissafi, sai mu ce ba komi, ba fanninsa ba ne. Malamai da iyaye, mu sake tunani.