Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Tarihin Wata Waƙar Aro

A wannan fitowa ina so in taɓo wani ɓangare na tarihi wanda ba ya cikin manhajar da aka koya mana, wato tarihin waƙar aro. Abin da nake nufi shi ne mawaƙi ya ɗauki waƙar wani ya sake rerawa da nasa salon, har wani lokaci ta aron ta binne ta asalin.

Da yawa daga cikin waƙoƙin Turanci da muka riƙa ji a rediyo da kaset irin wannan ne. Rivers of Babylon da ƙungiyar Boney M ta fitar daga Jamus a 1978, wasu 'yan Jamaika ne da ake kira Melodians suka fara yin ta a 1970. Red Red Wine ta UB40, wadda ta fito a 1983, ta Neil Diamond ce tun 1967, kuma su kansu 'yan UB40 sun ɗauka ta Tony Tribe ce, ɗan Jamaikan da suka ji ta a bakinsa. Respect kuwa Otis Redding ne ya yi ta a 1965, waƙar magidanci mai neman a girmama shi in ya dawo gida. Da Aretha Franklin ta ɗauke ta a 1967 sai ta juya ta, ta zama mace ce ke neman a ba ta girmanta, kuma a ganina babu mai kunne da zai ce ba ta fi shi ba. Amma waɗannan duk masu sauƙi ne, domin an san mai abu. Wadda nake so mu tsaya a kanta ta fito ne daga Afirka ta Kudu.

An haifi Solomon Linda a 1909 a ƙasar Zulu, cikin lardin Natal. A 1931 ya tafi birnin Johannesburg neman abinci, kamar dubban samarin ƙauye na lokacin. Can ya haɗa ƙungiyar mawaƙa mai suna Evening Birds, suna waƙa da baki a bukukuwa da gasar da leburori ke shiryawa a ƙarshen mako, suna sanye da kwat da malafa. Tsarinsu ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba: jagora ɗaya da siririyar murya a sama, 'yan amshi da manyan muryoyi a ƙasa. A 1939 suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo, aka ɗauki wata waƙa tasu a faifan garmaho. Sunanta Mbube, wato zaki da harshen Zulu. Kusa da ƙarshen faifan Linda ya saki murya ya yi wani ɗan gajeren kari, kuma wannan karin shi ne duniya ta haddace daga baya.

An biya shi sule goma, waƙa ta zama ta kamfani. A wancan zamani haka ake yi wa baƙar fata a can, a sallame shi a ranar, babu zancen wani kaso daga ciniki. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai, an sayar da kimanin 100,000 cikin shekaru goma, har sunan waƙar ya zama sunan irin wannan salon waƙa gaba ɗaya, salon da daga jikinsa irin su Ladysmith Black Mambazo suka taso. Shi kuwa mai waƙar, aikin da ya samu a kamfanin shi ne na shirya faifai cikin kwali.

Daga nan sai faifan ya haye teku. A Amurka wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, ya ba abokinsa Pete Seeger shi. Seeger bai ji Zulanci ba, saboda haka kalmar da 'yan amshi ke maimaitawa ya rubuta ta yadda kunnensa ya ba shi, ta zama Wimoweh. Ƙungiyarsa, Weavers, ta rera ta da wannan suna, ta yi tashe a 1952. A jikin faifan an sa sunan wani Paul Campbell a matsayin mai waƙa, alhali babu wani mutum mai wannan suna. Laƙabi ne da ake amfani da shi don karɓar kuɗin waƙoƙin da aka ɗauka na gargajiya ne, marasa mai su. Don a yi wa Seeger adalci, ya ce da ya san akwai mai ita ya aika masa da dala 1,000, ya kuma nemi a riƙa tura masa nasa kason. Miriam Makeba ma ta rera ta a Amurka a 1960, da sunanta na asali.

A 1961 ne aka yi aron da ya fi kowanne. Wasu samari 'yan New York da ake kira Tokens suka je kamfanin RCA, aka sa wani marubucin waƙa, George David Weiss, ya gyara masu Wimoweh. Weiss ya ɗauko ɗan karin nan da Linda ya yi a ƙarshen faifai ya mai da shi kan waƙa, ya ɗora masa baitocin Turanci, aka sa mata suna The Lion Sleeps Tonight. Kafin shekarar ta ƙare ta zama ta ɗaya a Amurka. Sunayen da aka rubuta a matsayin masu ita uku ne, Weiss da Hugo Peretti da Luigi Creatore.

To, shin ta aron ta fi ta asalin? In dai wajen shiga kunne ne da saurin haddacewa, ta fi ta, kuma ba zan hana Weiss yabonsa ba, domin gane inda zumar waƙa take shi ma gwaninta ne. Amma duk wanda ya saurari faifan 1939, da ƙarar allura da komai, zai ji wani nauyi a muryoyin 'yan amshin nan wanda samarin New York ba su iya ɗauka ba. Tasu ta zama kamar waƙar reno. Ni dai ta Linda nake komawa, ko da yake na san 'ya'yanmu ba za su yarda da ni ba.

Linda ya faɗi a kan dandamali a 1959, ciwon ƙoda ya kama shi, ya rasu a 1962, shekara ɗaya bayan waƙarsa ta mamaye Amurka. Bai bar abin kirki ba; sai bayan shekara 18 iyalinsa suka iya sa dutse a kabarinsa. Waƙa kuwa ta ci gaba da haihuwa. Robert John ya sake ta a 1972, Tight Fit suka kai ta matsayi na ɗaya a Ingila a 1982, sannan kamfanin Disney ya sa ta cikin fim ɗin The Lion King a 1994.

A nan ya kamata a kwatanta da Dolly Parton. Ita ta rubuta I Will Always Love You, ta fitar a 1974. Elvis Presley ya so ya rera ta, amma manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar, ta ce ba ta yarda ba. A 1992 Whitney Houston ta rera ta a fim ɗin The Bodyguard, ta yi mako 14 tana ta ɗaya a Amurka, har mutane da yawa ba su san akwai ta farko ba. An fi Dolly murya, amma duk faifan da aka sayar da kasonta a ciki, saboda takardar tana hannunta. Ita ta san abin da takarda ke nufi, tana kuma da ikon cewa a'a. Linda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

A shekarar 2000 wani ɗan jaridar Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya bi diddigin kuɗin ya buga labarin a mujallar Rolling Stone, inda ya ƙiyasta cewa waƙar ta samar da kimanin dala miliyan 15, abin da ya isa hannun 'ya'yan Linda kuwa bai taka kara ya karya ba, suna zaune cikin talauci a Soweto. Abin da ya buɗe masu ƙofa wata tsohuwar dokar mulkin mallaka ce, dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911, wadda mu ma a Nijeriya da ita aka yi aiki har 1970. A cikinta akwai sashen da ya ce ko mutum ya sayar da haƙƙinsa, bayan shekara 25 da mutuwarsa haƙƙin zai koma ga magadansa. Bisa wannan lissafi, tun 1987 Mbube ta koma gidan Linda ba tare da kowa ya lura ba. A 2004 wani lauya, Owen Dean, ya shigar da ƙarar Disney a madadin magada, har kotu ta riƙe tamburan kasuwancin kamfanin da ke Afirka ta Kudu, ciki har da na Mickey Mouse. Ba a kai ga yanke hukunci ba. A watan Fabrairu na 2006 kamfanin Abilene Music, wanda ya ba Disney izinin waƙar, ya yi sulhu: ya biya wasu kuɗi da ba a bayyana yawansu ba, ya yarda da ba magada kaso, aka kuma amince da Linda a cikin waɗanda suka ƙirƙiri The Lion Sleeps Tonight, shekara 67 bayan ya karɓi sule goma.

A 2012, da ya cika shekara 50 da rasuwa, wa'adin haƙƙin Mbube ya ƙare a dokar Afirka ta Kudu. A 2019 Disney suka sake yin The Lion King, da waƙar a ciki, fim ɗin ya tara sama da dala biliyan ɗaya da rabi.