Tarihin Kafuwar Ƙungiyar Makaɗan Bala Miller

Mu mutanen Pauwa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda kunnuwanmu suka tashi da kalangun Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zama a Bakori da Funtuwa nan kusa da mu, idan aka ce makaɗi, abin da ke zuwa a zukatanmu shi ne mutum mai ubangida, da 'yan amshi a bayansa, yana yabo ana yi masa kyautar riga ko doki. Saboda haka lokacin da rediyon Kaduna ta riƙa kawo mana wani sauti na badujala da jita, alhali kuwa kalmomin da ke bisansa Hausa ce tsantsa, sai dattawanmu da yawa suka rasa ajin da za su sa shi. Wannan sauti kuwa na ƙungiyar Bala Miller ne, wadda ake kira Great Music Pyrameeds of Africa.

An haifi Bala Miller, wanda ya assasa ta, a Pankshin cikin 1928, ɗa ne ga wani limamin Kirista mutumin Zazzau, kuma a Lakwaja, inda aiki ya kai mahaifinsa, ya fara ɗora hannu a kan kayan busa na Turawa tun yana yaro. Daga nan ya tafi Ikko ya yi karatu a makarantar CMS Grammar School, sa'an nan ya ƙetare zuwa Ingila neman ilmin ciniki, inda ya riƙa busa tare da West African Rhythm Brothers, ƙungiyar 'yan Afirka ta Yamma mazauna Landan. Da ya komo, ko da yake aikin kamfani ne abincinsa, bai rabu da ma'abota kiɗan hailaif ba, musamman Victor Olaiya, wanda ya riƙa tsara wa waƙoƙi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, a ganina, shi ne cewa mutumin nan malami ne kafin ya kafa wannan ƙungiya, domin kuwa tun 1973, da Gwamnan Kano Audu Bako ya gayyace shi ya shirya makarantar koyon kiɗa, ya tabbatar wa kansa cewa yaron Arewa, idan aka zaunar da shi aka koya masa ƙa'ida kamar yadda ake biya wa almajiri allo, zai iya karanta kiɗa a rubuce ya busa shi ba tare da tuntuɓe ba. Wannan yaƙini shi ne harsashin da aka ɗora ƙungiyar a kansa. Da aka ƙare bikin al'adu na FESTAC na 1977, wanda ya taimaka wajen shirinsa, kuma wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, sai ya ba da sanarwa a jarida yana neman samari masu sha'awar kiɗa, ya zaɓi waɗanda ya ga alamar himma gare su, ya horar da su da kansa. Da mutum 12 aka fara, sannu a hankali har suka kai 28.

Ɗaukar nauyin jama'a mai wannan yawa, da kayan aikin da sai an yi odarsu daga ƙasashen waje, ba ƙaramin jihadi ba ne ga wanda ba shi da sarki ko attajirin da ya jingina da shi. Duk da haka sun fitar da faifai, waƙarsu mai suna Ikon Allah ta zagaye Nijeriya, har waɗanda ba sa jin Hausa suka haddace amshinta, kuma a shekarun 1980 gidan talabijin na NTA ya ba Bala Miller fili na musamman da sunansa. Kirista ne shi, amma waƙoƙinsa na hikima ne da ambaton ƙudurar Ubangiji, irin wanda Musulmi zai saurara ya ce gaskiya ne. Wannan kuwa falala ce da Arewa ke matuƙar bukatarta a yau.

Sai zamani ya juya. Tattalin arziki ya ƙuntata, sa'an nan a shekarun 1990 fiyano ta shigo ɗakunan ɗaukar waƙoƙin fim a Kano, yaro guda ya riƙa fitar da sautin da a da sai an tara taro, har kasuwar manyan ƙungiyoyi ta mutu. Bala Miller ya rasu a 2003.

A Ingila, ƙungiyoyin kiɗan bulus da ba su kai Rolling Stones shuhura ba, irin su Groundhogs da Savoy Brown na shekarun 1960, an adana faifansu, an rubuta sunan duk wanda ya taɓa kaɗa musu jita. Mu kuwa samarin nan 28 sun manyanta, suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon Gidan Arewa da ke Kaduna, da NTA, da malaman Jami'ar Ahmadu Bello, su nemi waɗanda suka rage a raye su ɗauki bayaninsu, su kuma tattara faifan ƙungiyar tun ba su lalace ba.