Ƙarin Ɗaya a Kan Cikakken Ninki: Abin da Aka Tabbatar da Abin da Ya Gagara

Lambar 1,000 ba ta ɓoye komai ba. Goma ce sau goma sau goma, kuma lambobin firam biyu kacal suka gina ta, 2 da 5. Amma da an ƙara mata ɗaya, sai ginin ya sauya gaba ɗaya: 1,001 ita ce 7 × 11 × 13. Babu 2, babu 5. Lambar 10,001 ta fito 73 × 137, ita kuwa 101 ba abin da ke raba ta.

Lambar firam ita ce wadda babu mai raba ta ba tare da saura ba, sai 1 da ita kanta. Cikakken ninki kuma shi ne abin da ake samu in an ninka lamba da kanta, kamar 49 (7²), 8 (2³) ko 1,000 (10³). Masana lissafi sun kusa shekara ɗari huɗu suna bibiyar lambobin da ke zaune daf da saman irin waɗannan, wato aⁿ + 1. Matsayar wannan maƙala ita ce, ilimin da aka tara a kansu ya rabu gida biyu. A tambayar "waɗanne lambobin firam ne za su iya raba su?" an sami amsoshi masu ƙarfi, da hujja. A tambayar "sau nawa su kansu suke zama firam?" kusan har yau hannu banza ake. Kuma duk ci gaban da aka samu, daga gidan farko ya fito, ba daga tara misalai ba.

Waɗanda aka yarda su raba

Dokar farko mai sauƙi ce. Duk firam ɗin da ya raba a, ba zai raba aⁿ + 1 ba, domin kullum saura ɗaya zai bari. Ta biyu daga aljebra take: in n mara ce, to a + 1 tana raba aⁿ + 1. Shi ya sa 11 ta raba 1,001, ta kuma raba 100,001. Daga nan ake gane cewa, in a ta wuce 1, aⁿ + 1 ba za ta zama firam ba sai n ta kasance cikin jerin 1, 2, 4, 8, 16 da sauransu.

Doka ta uku ta fi zurfi. A jera n² + 1 daga n = 1 zuwa 10: 2, 5, 10, 17, 26, 37, 50, 65, 82, 101. Masu raba su su ne 2, 5, 13, 17, 37, 41 da 101. Ba a ga 3 ba, ba a ga 7 ba, ba a ga 11 ba, kuma ba za a taɓa ganin su ba komai nisan jerin. Ban da 2, duk firam ɗin da ya raba n² + 1 dole ya bar saura 1 in an raba shi da 4. Dalili shi ne, in firam p ya raba n² + 1, to saurar da n, n², n³ da n⁴ ke bari in an raba su da p tana zagayowa ne bayan taki huɗu cif. Ƙaramar ƙa'idar Fermat kuwa ta nuna cewa tsawon kowane irin wannan zagaye sai ya raba p − 1. Ke nan 4 ta raba p − 1. Haka kuma kowane firam mai siffar 4k + 1 yana raba wata n² + 1: ga 29, wanda ya fara bayyana a 12² + 1 = 145 = 5 × 29.

Wannan doka kamar mai gadin ƙofa take. Ta san wanda ba zai shiga ba, amma ba ta faɗin ranar da ba wanda zai zo, wato ranar da n² + 1 ita kanta za ta zama firam.

Hasashen Fermat da lambar 641

A shekarar 1640, Pierre de Fermat, masanin shari'a a birnin Tulus na Faransa, ya dubi lambobin da ake samu in an ƙara ɗaya a kan 2¹, 2², 2⁴, 2⁸ da 2¹⁶. Sakamakon shi ne 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukkansu firam. Ya rubuta wa abokan hulɗarsa cewa yana da yaƙinin duk na gaba ma haka suke, ko da yake ya yarda ba shi da cikakkiyar hujja. Yau ana kiran irinsu lambobin Fermat, waɗannan biyar kuma su ne F₀ zuwa F₄.

Christian Goldbach ne ya ja hankalin Leonhard Euler kan batun a wata wasiƙa ta 1729. A 1732, Euler yana ɗan shekara 25 a birnin St Petersburg, ya rushe hasashen: F₅, wato 2³² + 1 = 4,294,967,297, daidai take da 641 × 6,700,417. Hanyar da daga baya ya bayyana ita ce abin lura. Ba sai an gwada dubban lambobi ba, domin duk firam ɗin da zai raba F₅ dole ya zama mai siffar 64k + 1. Irin waɗannan na farko su ne 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji na biyar ya wadatar. A 1878 Édouard Lucas ya ƙara tsuke ƙofar zuwa 128k + 1, inda 257 da 641 kaɗai suka rage a farkon layi. Ita 257 kuma tana faɗuwa nan take, saboda Goldbach ya riga ya nuna cewa babu lambobin Fermat biyu da ke tarayya a mai raba su.

Misalai biyar masu kyau sun ruɗi gwanin zamaninsa. Doka ɗaya a kan siffar masu rabawa ta warware maganar.

Batun bai tsaya a takarda ba. A 1796 Carl Friedrich Gauss ya gano cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai-wa-daida da rula da kamfas kawai, ya kuma danganta hakan da lambobin firam na Fermat. Pierre Wantzel ya cika ɗaya ɓangaren hujjar a 1837. A yau kuma 65,537 ce lambar da aka fi sakawa a mabuɗin fili na tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda bankuna da shafukan intanet ke dogara da shi, saboda firam ce kuma lissafi da ita na da sauri a kwamfuta.

Sabon firam a kowane mataki

A dubi 2ⁿ + 1: 3, 5, 9, 17, 33, 65, 129, 257, 513. Kusan kowace tana zuwa da firam ɗin da ba a gani ba a baya: 33 ta kawo 11, 65 ta kawo 13, 129 ta kawo 43, 513 ta kawo 19. Guda ɗaya ce ta saɓa, wato 9, wadda 3 × 3 ce kawai. Karl Zsigmondy na Viyana ya tabbatar a 1892 cewa a duk faɗin lambobi masu siffar aⁿ + 1, wannan 2³ + 1 ita kaɗai ce ta zo ba sabon firam.

Ita dai wannan 9 ce a tsakiyar wata tambayar. A 1844 Eugène Catalan ya yi hasashen cewa 8 da 9 ne kaɗai cikakkun ninki biyu da ke maƙwabtaka. Victor-Amédée Lebesgue ya nuna a 1850 cewa x² + 1 ba ta taɓa zama cikakken ninki, Robert Tijdeman ya nuna a 1976 cewa irin waɗannan maƙwabta ba za su wuce adadi mai iyaka ba, sannan Preda Mihăilescu ya rufe maganar a 2002, bayan shekara 158. Ginshiƙin hujjarsa ba lissafin inji ba ne. Ta ginu ne a kan tsauraran sharuɗɗan rabuwa da dole lambobin su cika.

Wani lokaci akasin haka ake nema, wato n² + 1 da ƙananan firam zalla suka gina. Shahararren misali shi ne 239² + 1 = 57,122 = 2 × 13⁴. Tun da 5² + 1 ita ma 2 × 13 ce, lambobin 5 da 239 suka haɗu a dabarar da John Machin ya yi amfani da ita a 1706 ya fitar da π zuwa gurbi ɗari. Carl Størmer na ƙasar Norwe ya nuna a 1897 cewa in aka kayyade jerin firam, lambobin n² + 1 da aka gina da su kaɗai suna da iyaka, kuma akwai hanyar zaƙulo su duka.

Inda hujja ta tsaya

Sai gida na biyu. Lambobin firam masu siffar n² + 1 suna ta fitowa: 2, 5, 17, 37, 101, 197, 257, 401, 577, 677. Shin suna ƙarewa? A taron masana lissafi na duniya da aka yi a Kambirij a 1912, Edmund Landau ya sa wannan cikin tambayoyi huɗu da ya ce ilimin zamaninsa ba shi da makamin tunkararsu. Hardy da Littlewood sun yi hasashen yawansu a 1923, kuma ƙidayar kwamfuta na dacewa da hasashen. Hujja dai babu.

An matsa kusa ta hanyoyi biyu. Henryk Iwaniec ya tabbatar a 1978 cewa akwai n marasa iyaka da n² + 1 ɗinsu ko dai firam ce, ko kuma firam biyu ne suka gina ta. Ɗaya hanyar tana auna girman babban firam da ke raba n² + 1. Christopher Hooley ya nuna a 1967 cewa sau marasa iyaka yakan wuce n mai ɗauke da ƙarfin 1.1, Deshouillers da Iwaniec suka kai shi sama da 1.2 a 1982. Jori Merikoski ya kai shi 1.279. Amsar Landau tana buƙatar a kai 2. Tazarar da ke tsakani ita ce ma'aunin abin da ya rage.

Ko kwamfuta za ta wadatar?

Mai ja da wannan matsaya zai ce zamanin gwaji da hannu ya wuce, inji zai yi abin da hujja ta kasa. Tarihi bai goyi bayansa ba. Fortuné Landry ya sha wahala kafin ya farfasa 2⁵⁸ + 1 a 1869. 'Yan shekaru bayan haka Aurifeuille ya nuna cewa layi ɗaya na aljebra ya raba ta biyu: (2²⁹ − 2¹⁵ + 1) sau (2²⁹ + 2¹⁵ + 1). A zamanin kwamfuta ma, sabuwar dabara ce ta buɗe kowace ƙofa: Morrison da Brillhart suka farfasa F₇ a 1970, Brent da Pollard suka yi F₈ a 1980, F₉ mai alƙaluma 155 ta faɗi a 1990 ta hanyar sabon tsarin tankaɗe da Pollard da 'yan'uwan nan biyu Lenstra da Manasse suka yi aiki da shi. Masu farautar masu raba manyan lambobin Fermat har yau siffar da Euler da Lucas suka tsara suke bi.

Inji kuma yana da iyakar da ba ta da alaƙa da saurinsa. Ko ya gwada n biliyan dubu, bai ce komai a kan "marasa iyaka" ba. Gwajin Pépin na 1877 ya ba da damar tabbatar da cewa F₂₀ da F₂₄ ba firam ba ne, alhali ba a san ko da firam ɗaya da ke raba su ba.

Kammalawa

Abin da aka mallaka da hujja a wannan fage shi ne dokokin siffa: 4k + 1 ga n² + 1, sharaɗin Euler da Lucas ga lambobin Fermat, sabon firam na Zsigmondy, da keɓancewar 8 da 9. Malamin da ke koyar da lambobin firam ya kamata ya sa labarin 641 a darasinsa, domin yana nuna wa ɗalibi bambancin misali da hujja cikin lissafin da zai iya yi da biro. Abin da ya rage kuwa a fili yake. An san cewa daga F₅ zuwa F₃₂ babu firam ko ɗaya, ba a gama farfasa F₁₂ mai alƙaluma 1,234 ba, kuma F₃₃, mai alƙaluma sama da biliyan biyu da rabi, ita ce ta farko da ba a tantance matsayinta ba.