Daga Kanumfari zuwa Lasisi: Waiwaye kan Cikon Haƙori na Wucin Gadi

A Mayo Gwoi, kamar sauran unguwannin Jalingo, idan ciwon haƙori ya tayar da mutum cikin dare, kanumfari ake fara nema. A daka, a naɗe a auduga, a cusa cikin kogon, a jira gari ya waye. Iyayenmu ba su yi kuskure ba. Man da ke cikin kanumfarin nan shi ne likitocin haƙori suke kwaɓawa da farin garin zinki, fiye da shekara 100 ke nan, su toshe kogo da shi kafin a yi cikon dindindin. Shi ya sa ɗakin haƙori a asibiti yake ƙamshin kayan yaji. Abin da ya sauya shi ne hannun da ke sakawa, da kuma wanda ya amince da koyarwar da aka yi wa hannun.

Da can fagen na wanzami ne. Gado yake yi wajen mahaifinsa, Sarkin Aska ne shugabansa, maganinsa kuwa ɗaya: a cire. Tunanin a horar da wanda ba likita ba ya ceci haƙori maimakon ya tumɓuke shi, daga nesa ya zo. A 1921 ƙasar Niyu Zilan ta buɗe makaranta a Wellington, tana koya wa 'yan mata, tsawon shekara 2, yadda za su cike haƙoran yara a makarantun firamare, saboda likitoci ba su wadata ba. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi wannan tsari.

A Najeriya, gwamnati ta fara makarantar ma'aikatan haƙori a Legas a 1955, aka mayar da ita Inugu a 1982. Sai dai doka ta daɗe ba ta cim musu ba. Likitoci sun sami majalisarsu tun 1963. Masu ƙera haƙoran roba sun jira har 1987, da doka mai lamba 43. Waɗanda suke tsaye a gefen kujera kuwa, masu wanke haƙori, masu kwaɓa ciko da dafa kayan aiki, sai a 1993 doka mai lamba 81 ta kafa musu hukumar rajista. A lokacin jihar Taraba shekararta 2 kacal da fita daga Gongola.

Tun daga nan makarantar da ke son koyar da wannan sana'a ƙofa biyu take bi. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tantance difiloma. Hukumar rajista kuma tana tura masu duba: kujeru nawa ne, akwai kawunan roba da ɗalibi zai gwada hannunsa kafin ya taɓa bakin ɗan'adam, malaman suna da lasisi, ɗalibai nawa aka ɗauka. Sannan ta shigar da sunan ɗalibi a kundinta, ta yi masa jarrabawa, ta ba shi lasisin da zai riƙa sabuntawa.

Wani zai ce, duk wannan a kan ɗan farin ƙullu da za a ɗebe bayan 'yan makonni? A nan nake so mu tsaya. Kwaɓawa da dannawa yaro ma zai koya a yini guda. Wuyar tana wajen sanin haƙorin da bai kamata a toshe ba. Idan ruɓa ta kai ga jijiya, ruwan ciwo ya taru a gindin haƙorin, kogon nan shi ne ƙofar da yake fita. Ka toshe shi, ka kulle ciwo a ɗaki: kunci ya kumbura, zazzaɓi ya sauka, wani lokaci kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa har numfashi ya yi wuya. Haka nan idan cikon ya yi tudu, mai shi ba zai iya tauna ko tuwo ba. Idan yawu ya jiƙa kogon kafin a danna, cikon ya faɗo. Wannan ilimi ba a samunsa da kallo, sai malami yana tsaye a kanka.

Nauyin ya ƙaru bayan da wani likita ɗan Holan, Jo Frencken, ya ɓullo da wata dabara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980: a ƙwaƙule ruɓa da kayan hannu zalla, a cike da wani siminti mai manne wa haƙori, yana sakin sinadarin fuloraid a hankali. Babu injin haƙa, babu buƙatar lantarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da dabarar a Afrilun 1994. Ai kamar don mutanen Karim Lamido da tsaunin Mambila aka yi ta, inda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jalingo tafiya ce mai cin kuɗi da yini. A irin waɗannan wurare, cikon da aka kira na wucin gadi yakan shekara a baki.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yawaitar makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu a Arewa, allo babba, ɗakin gwaji wayam. Uba a Mayo Gwoi zai sayar da amfanin gonarsa ya biya wa 'yarsa kuɗin shekara 2, ta fito da takardar da hukumar rajista ba ta san da ita ba. Aikin gwamnati ya gagare ta, sai ta koma shagon magani tana toshe haƙoran makwabta da abin da ta gani rabi-rabi. Kafin a biya ko sisi, a tambayi shugaban makarantar takardun amincewar hukumomin nan biyu, a duba ko sunan fannin haƙori yana ciki, sannan a ce ya buɗe ɗakin gwaji a ƙirga kujeru.