Yadda Kare Sirrin Jama'a Ya Zama Fanni a Birnin Frankfurt

Duk wanda ya nemi asalin fannin kare bayanan mutane, wanda a yau jami'o'i suka keɓe masa zaurukan bincike, lalle ne ya waiwayi ƙasar Jamus, domin mutanenta sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun daftarin hukuma tun zamanin Hitler, lokacin da ƙidayar 1939 ta tambayi kowane gida asalin kakanninsa, aka mai da rajista makamin zalunci a kan Yahudawa. Saboda haka, sa'ad da gwamnatin jihar Hesse ta himmatu ga tara bayanan talakawanta cikin manyan kwamfutoci, zukata ba su natsu ba, har sai da majalisar jihar ta zartar da dokar kare bayanai a 1970, wadda ita ce ta farko irinta a duniya.

Cikin waɗanda suka sa hannu a tsara ta akwai shaihin malami Spiros Simitis, haifaffen birnin Atina, wanda ya kama karantar da shari'a a Jami'ar Goethe ta Frankfurt a 1969, ya riƙe muƙamin mai kula da kare bayanai na jihar daga 1975 zuwa 1991, kuma ya jagoranci zauren binciken wannan fanni a jami'ar. Mas'alar da shi da almajiransa suka duƙufa a kanta ita ce, sunan mutum da adireshinsa da sana'arsa da rashin lafiyarsa, ko da kowannensu ba ya cutarwa in yana shi kaɗai, idan na'ura ta harhaɗa su wuri guda sai asirin mutum ya tonu ba da saninsa ba.

Wannan fahimta ta sami gindin zama ranar 15 ga Disamba 1983, yayin da kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe, bayan ta dakatar da ƙidayar shekarar, ta hukunta cewa kowane mutum yana da haƙƙin ƙayyade wanda zai san bayanansa da abin da za a yi da su. Daga wannan tushe Tarayyar Turai ta gina dokarta da ta fara aiki a 2018. A wajenmu kuwa, malamanmu na fikihu sun daɗe da haramta tajassusi, wato binciken sirrin mutane, tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Ijtihadin malaman Frankfurt shi ne ɗora wannan hani a wuyan hukuma ita kanta, domin abin da talaka ya rubuta mata a takarda amana ce ya ba ta ajiya.